Yadda A Ke Haɗa Ƙyauren Kabad Mai Gilashi A Gida

Cikin kayan da kafinta ke yi wa gida, da wuya a sami mai tona asirin wanda ya yi shi kamar ƙyauren kabad mai gilashi. In teburi ya ɗan karkace, sai a cusa 'yar takarda ƙarƙashin ƙafarsa ya zauna. In akwati ya yi baki, a cike da foti, fenti ya rufe. Amma gilashi ba ya rufa wa kowa asiri. Ba ya tanƙwaruwa, ba ya matsuwa, in kuwa aka tilasta shi sai ya tsage, kuɗi su tafi, wani lokaci har hannu ya yi jini. Saboda haka, 'yan'uwa, bari mu bi wannan aiki daki-daki, tun daga zaɓen katako har ratayewa, gama wanda ya iya shi ya sami mabuɗin yin taga da ƙofa da sauran irinsu.

Shi kabad mai gilashi ba baƙo ne a gidajenmu ba. Mata sun daɗe da saninsa wajen jere, inda a ke so kowa ya ga kwanuka da tangaran ba tare da ƙura ta hau su ba. A madafa kuwa yana tsare kayan abinci daga ƙura da ƙuda, mai girki kuma ta hangi abin da ta ke nema ba sai ta bi ƙyamare tana buɗewa ɗaya ɗaya ba.

HALIN KATAKO DA HALIN GILASHI

Hausawa na cewa zo mu zauna, zo mu saɓa. To, a cikin wannan ƙyaure abu biyu za a zaunar wuri guda waɗanda halinsu ya saɓa ƙwarai, kuma dabarar aikin duka ita ce a zaunar da su lafiya.

Katako, ko da ya yi shekara ɗari da sarewa, bai daina shan laimar iska yana mai da ita ba. In iska ta yi laima ya kumbura, in ta bushe ya tsuke. Masana itace sun auna sun ga cewa a iskar da laimarta ta ke kashi 20 cikin 100, ruwan da ke cikin katako ya kan koma kamar kashi 4 ko 5 na nauyinsa. In kuwa laima ta kai kashi 80, sai ya hau wajen kashi 16. Ƙasarmu kuwa tana ganin iyakokin nan duka biyu kowace shekara. Da hunturu a Kano ko Katsina laimar iska ta kan sauka ƙasa da kashi 20 da rana, sa'an nan ta hau sama ƙwarai cikin watan Agusta. Shi ya sa ƙofar da ta ƙi rufuwa da marka, ita ce za ku ga tana lilo da sanyi.

Amma ga wani abin lura. Katako ba ya motsi ta kowace fuska daidai. Ta wajen faɗinsa ya ke kumbura da tsukewa. Ta wajen tsawonsa kuwa motsin kaɗan ne ainun, har ba a lissafta shi. Katako da yawa su kan canja da kimanin kashi 2 cikin 100 na faɗinsu tsakanin damina da hunturu. Watau falanki mai faɗin milimita 400 yana iya ƙaruwa ko raguwa da milimita 8, amma siririn katako mai faɗin 60 bai fi 1 da ɗan kai ba.

Gilashi shi ba ruwansa da laima. Zafi kaɗai ke miƙe shi, shi ma ba wani abin kirki ba: gilashi mai tsawon milimita 600, in zafinsa ya ƙaru da digiri 30, miƙewar ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba.

Daga nan hikimar kafintocin da ta fito. Maimakon a huda falanki guda a sa gilashi a tsakiya, sai a haɗa sirara huɗu su kewaye shi, biyu a tsaye, biyu a kwance. Mu kira su 'yan tsaye da 'yan kwance. Tsawon 'yan kwance shi ke tsai da faɗin wurin gilashi, tsawon 'yan tsaye kuma shi ke tsai da tsayinsa. Tun da ya ke katako ba ya motsi ta tsawo, sai wurin gilashi ya zauna kusan yadda aka yi shi, rani da damina. Ɗan motsin da ya rage kuwa, a bar masa sarari. In kun riƙe wannan, sauran bayanin da ke tafe zai zama muku kamar abin da kuka riga kuka sani.

ZAƁEN KATAKO

Araha ba ta ado. Katakon ƙyaure ɗan kaɗan ne, bai kai rabin falanki ba, don haka kada a yi ƙyashin sayen mai kyau. Loko, wanda mutanen kudu ke kira iroko, yana da ƙarfi, gara ba ta cika damunsa ba, motsinsa kuma kaɗan ne. Sai dai ƙurarsa ta kan sa wasu ƙaiƙayi da atishawa, a rufe hanci in ana gogarsa. Maɗaci ma ya yi, ga ja mai kyau in ya sha mai. Farin katakon nan marar nauyi da a ke kira obece yana da daɗin aiki, amma yana da taushi, ba ya riƙe sukuru sosai, ƙwari kuma suna huda shi, saboda haka bai dace da ƙyauren da za a riƙa buɗewa kullum ba. Maɗobiya kyakkyawa ce ƙwarai, amma an yi mata sara har ta yi ƙaranci, tun 2017 kuwa ta shiga jerin itatuwan da dokar duniya ta ƙayyade fataucinsu tsakanin ƙasashe. Gara a bar ta ta huta.

Ko wane iri aka zaɓa, a duba abu uku. Na fari, jijiyar katakon ta miƙe sak daga wannan kai zuwa wancan, ba ƙulli, ba tsaga. Na biyu, a guji farin gefen nan da ke kusa da ɓawo, shi ƙwari ke fara ci. Na uku, wanda ya fi su duka, ya zama busasshe. Ɗanyen katako in ya bushe a jikin ƙyaure sai ya murɗe, gilashi kuwa ba zai bi shi ya murɗe ba.

Ga hanya mai sauƙi ta sanin bushewa. A tsaga katakon ya ɗara awon da a ke bukata kaɗan, a jera shi a inuwa, wurin da iska ke ratsawa, a sa 'yan ƙirare tsakanin kowane biyu, a ɗora abu mai nauyi a sama. A ɗauki guda a riƙa auna nauyinsa kowane mako. Ran da nauyin ya daina raguwa, ya bushe. Sa'an nan a shigo da shi ɗakin da kabad zai zauna ya yi mako biyu, ya saba da iskar wurin. Sannu ba ta hana zuwa.

KAYAN AIKI

Ba a bukatar injin komi. Abin da za a nema shi ne tef na awo, da fensir mai tsini, da sukwaya ta gwada kusurwa, da geji, watau ɗan katako mai ƙusa da a ke jan layi da shi daidai da gefen katako. Da zarto mai ƙananan haƙora, da filen na share katako, da kurfi, wanda kafintoci ke kira cizal, guda biyu, siriri mai milimita 6 ko 7 da wani mai faɗi. Da gudumar icce, da ƙaramar hama, da sukundireba, da samfefa, da farin gam na katako, da ƙarafan matsi biyu. Wanda ba shi da ƙarafan matsi ya kafa katakai biyu a kan benci, ya sa ƙyauren tsakaninsu, ya matse shi da weji. Cizal da filen lalle su yi kaifin da zai aske gashin hannu. Dakusasshen cizal shi ke zamewa ya sari mai shi.

AWO DA LISSAFI

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Za mu yi awo da milimita don guje wa ɓangarorin inci. Inci ɗaya dai milimita 25 ne da ɗan kai.

A ce bakin kabad tsayinsa 700, faɗinsa 400, ƙyauren kuwa zai shiga cikin bakin ne. A auna bakin sama da ƙasa, hagu da dama, a ɗauki awon da ya fi ƙanƙanta. A bar sarari na milimita 2 kowane gefe, sai ƙyaure ya zama 696 da 396. In da hunturu a ke aikin, a ƙara milimita guda kowane gefe, don katako yana tsuke ne a lokacin, zai kumbura da damina.

A share sirara huɗun nan su zama faɗi 60, kauri 21. An zaɓi 21 ne don yana rabuwa uku daidai, bakwai bakwai, za ku ga amfanin haka yanzu. 'Yan tsaye a yanke su 746, watau an ƙara 25 kowane kai. Wannan ƙari shi a ke kira ƙaho. Yana hana kan katako tsagewa sa'ad da a ke fafe rami, daga baya a yanke shi.

Tagar da za a gani ta gaba kuwa, a ɗebe faɗin sirara biyu, 120, daga kowane awo: faɗi 276, tsayi 576.

Ta bayan ƙyaure za a yanke gurbin da gilashi zai kwanta, kamar 'yar matakala, kewaye da tagar. Faɗin gurbin 10, zurfinsa 14, watau an cire kashi biyu cikin uku na kaurin katako, an bar leɓe mai kauri 7 ta gaba. Saboda haka gurbi ya fi taga da 20 ta kowace fuska: faɗi 296, tsayi 596.

A kan kowane siriri a zaɓi fuska guda da gefe guda waɗanda suka fi kyau, a sa musu alama da fensir. Duk awon da za a yi nan gaba daga wannan fuska da wannan gefe za a ɗauke shi. Kuma a haɗa 'yan tsaye biyu a ja musu layi tare, 'yan kwance ma haka nan, don in an yi kuskure kaɗan ya zama ɗaya a gefe biyu, ƙyauren bai karkace ba.

RAMI DA HARSHE

Haɗin da ya fi ƙarfi a kusurwa shi ne a fafe rami a jikin ɗan tsaye, a fitar da harshe a kan ɗan kwance, harshe ya shiga rami. Daɗaɗɗiyar dabara ce. Jirgin ruwan Fir'auna Khufu, wanda aka tono a gindin babbar dalarsa ta Giza cikin 1954, ya yi shekara wajen 4,500, katakansa kuwa da irin wannan haɗi da igiya aka ɗaure su. Ƙusa kaɗai ba ta riƙe kusurwa, gama nauyin gilashi kullum yana jan bakin ƙyaure ƙasa, sannu sannu ya sunkuya.

Ƙa'ida ita ce kaurin harshe ya zama sulusin kaurin katako. A misalinmu 7 ke nan, a tsakiya. In cizal ɗinku 6 ne, ku bi cizal, ku daidaita geji da faɗinsa.

A fara da rami, tun ba a yanke gurbi ba. Daga inda ƙyaure zai ƙare a bar 15, sa'an nan rami ya fara, tsawonsa 35, zurfinsa 42. A ɗaure katakon a kan benci, a fara sara daga tsakiyar rami ana matsowa gefe, kaɗan kaɗan, cizal a tsaye cak. Kada a taɓa layin ƙarshe sai an kai zurfin da a ke so, don in ana ɓanɓaro totuwa, jikin cizal ya kan danne bakin rami. A manna 'yar takarda a jikin cizal ta nuna zurfi.

Sa'an nan harshe. A nan ne masu koyo suka fi ruɗewa, to, ku lura. Kafaɗun harshe biyu ba daidai su ke ba. Tun da za a cire 10 daga bayan ɗan tsaye saboda gurbi, tilas kafaɗar baya ta ɗan kwance ta zarce ta gaba da 10, don ta cike wurin. Watau ta gaba, daga kafaɗa zuwa kafaɗa 276 ne. Ta baya kuwa 296. Harshe ya fita 30 daga kafaɗar baya, sai tsawon ɗan kwance duka ya zama 356. A zana layin kafaɗa da wuƙa, ta fi fensir daidai, a yi yanka da zarto ta gefen da za a yar, a bar layin a jikin aiki.

Harshen kirki shi ne wanda ya shiga da turin hannu ko ɗan bugu kaɗan, in an ɗaga kuma bai faɗo ba. In sai an yi ta dukansa, zai tsaga ɗan tsaye. In yana kwal-kwal, gam ba zai cece shi ba, sai a manna masa ɗan siririn katako a sāke sharewa.

Bayan wannan a yanke gurbi a jikin sirara huɗun, da filen na gurbi in akwai, in babu a ja layi da geji a zurfafa shi da wuƙa, a bi da cizal a hankali. Wanda ya ga wannan ya yi masa wuya, akwai hanyar da ta fi sauƙi. Ya yi kafaɗu daidai, 276 gaba da baya, ba gurbi. In an haɗa ƙyaure, sai ya manna 'yan sirara kewaye da cikin tagar ta gaba, su zama leɓe. Bai kai na farko tsabta ba, amma yana aiki, sai dai gilashinsa daga awon taga za a lissafta shi.

HAƊAWA

Tun ran gini ran zane. Kafin a taɓa gam, a haɗa ƙyauren haka nan a duba shi, gama bayan gam ba gyara. A goge cikin gefuna da samfefa tun yanzu, don in an haɗa hannu ba ya shiga kusurwa sosai.

A shafa gam a jikin harshe da cikin rami, a haɗa, a matse daidai kan 'yan kwance, da 'yan guntayen katako ƙarƙashin ƙarfen don kada ya yi tabo. Matsin ya isa kafaɗa ta rufe kawai. Kafin gam ya kama, cikin 'yan mintoci ke nan, a yi gwaji biyu.

Gwaji na fari na kusurwa ne. A auna cikin gurbi daga kusurwa zuwa kishiyarta, sa'an nan a auna ɗaya gicciyen. In awo biyun nan sun zo ɗaya, kusurwoyi sun daidaita. A misalinmu kowanne zai zama wajen 665. In ɗaya ya fi tsawo, a ɗan karkata ƙarafan matsi su bi dogon gicciyen, a ƙara matsewa har su zo daidai. Wannan ya fi dogara ga sukwaya, don matsi ya kan ɗan lanƙwasa katako ya ruɗe ta.

Gwaji na biyu na murɗa ne. A ɗora miƙaƙƙun sanduna biyu masu kauri ɗaya, guda a kan wannan kai na ƙyaure, guda a wancan, a durƙusa a hange su da ido ɗaya. In saman ta kusa ya yi daidai da saman ta nesa, lafiya. In kan ɗaya ya ɗaga, ƙyauren ya murɗe, a sassauta a gyara zamansa. Murɗaɗɗen ƙyaure shi ne babban mai kashe gilashi, gama kusurwa uku za su taɓa, ta huɗu tana sama, in an danna ta sai tsaga.

A goge gam da ya fito da jiƙaƙƙen tsumma, musamman cikin gurbi, don ɗigon gam in ya bushe ya kan zama kamar tsakuwa ƙarƙashin gilashi. A bar shi kwance a wuri mai bai ɗaya har kwana guda, sa'an nan a yanke ƙahoni.

RATAYEWA DA SHAFE

Tun ba a sa gilashi ba a ke gwada ƙyaure a jikin kabad, yana da sauƙin ɗauka, ba kuma fargaba. A share gefunansa da filen har sarari ya zama ɗaya ko'ina. Hinji biyu masu tsawon milimita 50 sun isa wannan ƙyaure. A sa na sama daidai da ƙasan ɗan kwance na sama, na ƙasa daidai da saman ɗan kwance na ƙasa, don sukuru su kauce wa harshe. A fara huda ɗan rami kafin a ɗaura kowane sukuru. Akwai kuma hinjin zamani mai ɓoyuwa, wanda a ke fafe masa rami kewayayye mai faɗin milimita 35, zurfi 12 ko 13, a bayan ɗan tsaye. Amfaninsa ana iya daidaita zaman ƙyaure da sukundireba bayan an rataye. Don irinsa ne ba a so ɗan tsaye ya gaza 60.

In ya zauna daidai, a sauke shi a shafe da fenti ko banish. A shafe ko'ina, gaba da baya, da cikin gurbi, da gefen sama da na ƙasa waɗanda ido ba ya gani. Kan katako, inda jijiya ta ƙare, nan ya fi shan ruwa, madafa kuwa gidan tururi ce. In aka shafe fuska ɗaya aka bar ɗaya, wadda aka bari za ta fi shan laima, ƙyauren ya lanƙwashe.

GILASHI

Da can gilashi mai faɗi kayan masu hali ne. Hura shi a ke yi da baki, a tsaga, a shimfiɗe, ya fito da 'yan tudu da kwari, a Ingila kuma har haraji a ke biya bisa nauyinsa, sai cikin 1845 aka soke. A 1959 kamfanin Pilkington na can Ingila ya bayyana dabarar da Alastair Pilkington ya jagoranci ganowa, ta zuba narkakken gilashi ya yi iyo bisa narkakken ƙarfen kuza, irin wadda aka yi ta haƙa a Jos, ya fito sumul, kauri ɗaya ko'ina. Galibin gilashin taga da a ke sayarwa yanzu haka a ke yinsa.

Mai kauri milimita 4 shi ya dace da ƙyauren kabad; 3 ma ya yi ga ƙarami. Nauyinsa yana da sauƙin lissafi: kowane milimita na kauri kilo 2 da rabi ne a murabba'in mita guda. Kada a sayi gilashi sai ƙyaure ya haɗu ya bushe. Sa'an nan a auna gurbin kansa, a ɗebe milimita 3 daga tsayi, 3 daga faɗi. A misalinmu gilashi zai zama 593 da 293, nauyinsa kilo ɗaya da kashi uku cikin huɗu. Wannan milimita 3 ita ce zaman lafiyar ƙyauren duka. Mai son ya ga gilashi ya shiga cif-cif, ya sayi tsaga da kuɗinsa, sai dai ba za ta zo ba sai da damina.

Ya fi kyau mai sayarwa ya yanka, a roƙe shi kuma ya goge kaifin gefuna. In kabad na ƙasa ne, inda yara ke kaiwa, a nemi gilashin da aka gasa. Ya fi na kullum ƙarfi kamar sau huɗu, in ya fashe kuma sai ya wargaje ƙanana ƙanana marasa tsini. Amma fa ba ya yankuwa bayan an gasa shi, tilas a ba da awo daidai tun farko.

Ga yadda a ke sa shi. A kwantar da ƙyaure rub da ciki bisa bargo. A shimfiɗa foti siriri a kan leɓen gurbi, ko a ɗiɗɗiga gam mai taushin nan na silikon nan da can, don gilashi ya sami matashi, kada ya riƙa kaɗawa in an rufe. A sa safar hannu, a kwantar da gilashi, a danna ta gefe gefe, ban da tsakiya, a raba sararin nan daidai ko'ina. Sa'an nan a kawo 'yan sirara huɗu masu milimita 10 da 10, an yanke kawunansu a karkace don su haɗu a kusurwa. Kun ga 4 na gilashi da 10 na siriri sun cike 14 na gurbi. A fara sa gajerun, sa'an nan dogayen, don su suna ɗan tanƙwaruwa su shiga.

A kafe su da ƙananan ƙusoshi masu tsawon 20, a fara huda musu wuri, ƙusa ta nufi jikin katako, kwance da gilashi. A ɗora kwali bisa gilashin, hama ta riƙa zamewa a kansa. Waɗannan 'yan sirara ba a sa musu gam ko kaɗan. Dalili kuwa, gilashi abin fashewa ne, ko ba jima ko ba daɗe wani zai buge shi da muciya. In ƙusa ce kaɗai, sai a ɓanɓare da wuƙa, a sa sabo cikin rabin sa'a. In kuwa an manne, ko an rufe gilashin cikin tsagi tun wajen haɗawa, sai an lalata ƙyauren kafin a fid da fasasshen.

Daga nan sai a mai da ƙyaure kan hinjinsa, a sa mariƙi a jikin ɗan tsaye, nesa da kusurwa, a sa ɗan maganaɗisu ko sakata mai riƙe shi a rufe. In an manna ɗan guntun roba inda ya ke bugun kabad, gilashi zai daɗa kwana.

ABIN GWADAWA

Sai an gwada a kan san na ƙwarai. Kafin ku taɓa katakon kirki, ku sami guntaye biyu ku yi kusurwa guda tak, da raminta da harshenta da gurbinta, ku sāke yi har kafaɗu biyun nan su rufe ba haske. Wajen lissafi kuma ga wannan. Bakin kabad tsayinsa 800, faɗinsa 450, faɗin sirara 65, gurbi 10, sarari 2 kowane gefe. Ku fid da awon ƙyaure, da tsawon kafaɗar gaba da ta baya, da awon gilashi, da nauyinsa in mai kauri 4 ne. Wanda gilashinsa ya fito 683 da 333 ya bi hanya, sai ya ɗauki zarto.